Kakanninmu sun tara dalar gyaɗa da fartanya, mu me ya hana mu?

Tambaya: Baba Malam, ina noman masara da gyaɗa a gonar gado. Kullum ana yi mana gori cewa kakanninmu da fartanya da garmar hannu suka tara dalar gyaɗa a Kano, mu kuwa ga takin zamani, ga maganin feshi, ga tarakta, amma duk kaka da bashi muke fita. Lalaci ne ya kama mu, ko ƙasar ce ta mutu?

Amsa: Ɗana, cire maganar lalaci daga ranka. Aikin malamin gona na yi har na yi ritaya, kuma wanda zai duƙa ya yi maimai a tsakiyar damina, ƙasa tana liƙe wa fartanya, ba a kiransa malalaci. Ƙasa kam ta gaji a wurare da yawa, zan zo kanta. Amma babban abin da ya raba ka da kakanka shi ne yadda kowannenku yake shiga damina. Shi yana shiga da ƙarfinsa, da irin da ya ajiye a rumbu, da takin dabbobinsa. Kai kana shiga da tsabar kuɗi, galibi na aro, ka zuba su a ƙasa tun watan Yuni, sannan ka jira wani ya faɗa maka farashin kayanka a watan Nuwamba. Duk kasadar tana wuyanka, kuma ba ka da baki a farashi.

Mu fara da dalar, tunda da ita ake yi muku gori. Layin dogo ya iso Kano a 1911, jirgi ya kama jigilar kaya sosai a 1912. Turawa auduga suke nema saboda masaƙunsu na Ingila, har ƙungiyar noman auduga suka kafa tun 1902 suna sa ran Arewa za ta cika musu sito. Manomin Kano ya yi nasa lissafin. Auduga tana cin ƙwadago, kuma masaƙan gida sun fi Bature sayenta da daraja. Gyaɗa kuwa tana shiga tsakanin gero da dawa ba ta hana abinci ba, in yunwa ta matso a ci ta, harawarta kuma ta dabbobi ce. Fataken da suka saba da cinikin goro suka bazu cikin ƙauyuka suna ba da kuɗi da gishiri da tufa a kan gyaɗar da za a kawo da kaka. Kafin shekara biyu tashar Kano ta cika maƙil. Babu malamin gonan da ya je ya wayar wa kowa da kai. Farashi ne ya yi kira, sai kuma harajin da Bature ya ce da kuɗinsa za a biya.

Ita dalar, wadda aka fi danganta jera ta da Alhassan Dantata da ya rasu a 1955, ana cewa guda ɗaya kan ci buhu 15,000. Abin sha'awa ne a hoto. Sai dai a gaskiya kaya ne da ke jiran jirgi. Taragu ba sa isa, musamman bayan yaƙin duniya na biyu, har gyaɗar bana kan tarar da ta bara a fili an lulluɓe ta da tamfol, ƙwari suna ci. Kuma ba ta Kano kaɗai ba ce, daga Katsina da Daura da Gumel da Haɗeja da sauran wurare ake taro ta.

Wa ya ci ribarta? A 1949 aka kafa hukumar sayen gyaɗa, a 1954 ta koma hannun gwamnatin Jihar Arewa. Ita kaɗai ke da ikon fitar da kaya waje, ita ke yanka farashi, kuma shekara da shekaru tana biyan manomi ƙasa da abin da take sayarwa a Turai. Rarar ta yi aiki, ba a musu: hanyoyi, makarantu, masana'antu. Amma daga aljihun kakanka aka ciro ta, bayan wakilin hukuma ya ci nasa, ɗan baranda ya ci nasa, mai sikeli ya taɓa nasa. Abin da ke isa gida shi ne kuɗin haraji, turmin atamfa, in an yi sa'a keken Raleigh. Ƙasar ta yi suna, a shekarun 1960 tana kan gaba a duniya wajen fitar da gyaɗa, shi kuwa mai fartanyar yana nan a ɗakin kara.

Abubuwa uku suka haɗu suka kayar da dalar. Farin 1972 zuwa 1974 ya zo ya ƙone amfani da dabbobi. A 1975 kuturtar gyaɗa ta biyo baya, cutar da ƙwarin darɓa ke yaɗawa. Wanda ya gan ta ba ya mantawa: gyaɗar ta tsaya cak ba ta girma, ganyen ya ƙanƙance ya cure wuri ɗaya ya yi ɗorawa, ka tuge ka tarar babu ko ƙwaya. A shekara ɗaya ta cinye wajen hekta 700,000, har iri ya gagara. Na uku kuɗin fetur, wanda ya kwashe samari zuwa birni aikin gini, ya kuma sa gwamnati ta daina damuwa da abin da gona ke kawowa. Manoma da yawa suka koma gero da dawa da wake, kamar yadda kakanninsu suka bar auduga suka kama gyaɗa, da lissafi iri ɗaya. Haka ta faru a Maraɗi da Damagaram, inda kamfanin gwamnatin Nijar na sayen gyaɗa ya durƙushe bayan wannan farin.

Ga abin da masu gori ba sa faɗa. Gyaɗar da Najeriya ke nomawa yau ta fi ta zamanin dala yawa, ta haura tan miliyan 4 da ɓawonta. Ba a tara ta ne saboda akwai bakin ci. A ƙidayar 1963 mutanen ƙasar miliyan 55 ne da ɗoriya, yau sun wuce miliyan 200. Dalar tana cikin galan ɗin man gyaɗa, da ƙuli-ƙulin da mata ke soyawa a cikin gida, da tunkuzar masu kiwon kaji, da tirelolin da ke fita daga Dawanau kullum.

To me ya sa noman kakanni ya fi jure wahala? Noma a wannan yanki tsoho ne ƙwarai. Gero a nan bakin Sahara aka fara mayar da shi amfanin gona, sama da shekara 4,000 da suka wuce, dawa a gabashin Sudan, wake a Afirka ta Yamma. Gyaɗa da masara da rogo baƙi ne, daga nahiyar Amurka suka zo bayan jiragen Turawan Fotugal sun fara zirga-zirga a ƙarni na 16. Tsawon wannan lokaci manomi ya gina tsarin da ba ya neman riba mafi yawa, yana neman kada a tashi a tutar babu. Gona ɗaya, gero da dawa da wake da gyaɗa. Gero ya nuna da wuri ya kashe yunwar tsakiyar damina, dawa ta jira ƙarshen ruwa, wake ya rufe ƙasa ya ƙara mata ƙarfi. In ruwa ya ɗauke da wuri gero ya riga ya tsira, in ya yi yawa dawa ta ji daɗi. Da wuya duka huɗun su faɗi tare.

A karkarar Kano ma ba a barin saura, shekara da shekaru ana noma gona ɗaya ba ta mutu ba. Baturen Jamus Barth da ya zo a 1851 ya yi mamakin albarkar ƙasar. Sirrin yana bayan jaki. Da rani za ka ga jakai a jere suna fita ƙofofin birni da mangala cike da toka da shara da kashin awaki, a zube su tsibi-tsibi a gona kafin ruwan fari. Da kaka Bafulatani ya sauka da garkensa a kan karan dawa, shanu su ci su bar taki, mai gona ya ba shi dami. Ƙwadago kuma na gandu ne: uba da 'ya'yansa da ƙannensa a gona ɗaya, kowa da 'yar gayaunarsa da yamma, in aiki ya yi yawa a kira gayya a dama fura. Duk wannan babu sisin kwabo da ke fita kafin girbi.

Kada kuma ka ɗauka aljanna ce. Manyan gandayen sarakuna da attajirai a ƙarni na 19 bayi ne ke noma su a rinji. Yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914 ta kashe mutane ba adadi, daidai lokacin da gyaɗa ke tashe. Tsarin yana rage kasada ne, ba ya kawar da ita.

Naka noman kuwa ɗan shekarun 1970 ne. Kafin nan masara a Arewa abar bayan gida ce, a gasa a ci da ɗanyenta. A 1975 aka buɗe ayyukan bunƙasa noma na Funtuwa da Gusau da Gombe da rancen Bankin Duniya, aka kawo irin masara fara mai yawan yabanya daga cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan, aka kawo takin da gwamnati ke ɗauke wajen kashi 80 cikin 100 na kuɗinsa. Masara ta mamaye ƙasar Zazzau da kudancin Katsina da kudancin Kano. Manomi ya ga amfani ya ninka, ya bar haɗe-haɗen da, ya koma masara zalla. Ba wauta ya yi ba, a farashin wancan lokaci daidai ya yi. Sai dai masara amarya ce mai tsadar riƙo, ranar da ka kasa kawo cefane za ta nuna maka a fuska. Abin da masana ke ba da shawara a hekta ɗaya shi ne takin kamfa wajen buhu 8 da yuriya kusan buhu 3. Wa ke iya wannan yau? Shi ya sa matsakaicin abin da ake samu a ƙasar yake wajen tan 2 a hekta, alhali irin da ke hannunka zai iya ba da 5 ko fiye.

A 1986, ƙarƙashin tsarin tsuke bakin aljihu na gwamnatin Babangida, aka rushe hukumomin sayen amfanin gona, tallafin taki kuma daga baya ya ragu. Hukumar tana cutar manomi, amma aƙalla tun kafin shuka ya san nawa za a saya. Da aka rushe ta babu abin da ya maye gurbinta. Tun daga nan sai shirye-shirye, kowace gwamnati da nata: na ciyar da ƙasa a 1976, na juyin noma a zamanin Shagari, na rabon taki ta wayar salula a 2012, na rancen manoma da aka ƙaddamar a Kebbi a 2015. Wasu sun taɓa wani abu. Madatsar Tiga da Audu Bako ya gina har yau ita ke ciyar da Kadawa da Kura. A Bakolori kuwa, a 1980, manoman da suka nemi diyyar gonakinsu da harsashi aka amsa musu. A ganina ciwon duka ɗaya ne: suna tsayawa a kan abin da za a zuba a gona, taki da iri da tarakta, domin nan kwangila take. Abin da zai faru da buhun bayan an ɗinke bakinsa ba ya cikin lissafi.

Duba shekarun nan. An rufe iyakoki a 2019, hatsi ya yi daraja, mutane suka faɗaɗa gona. A 29 ga Mayun 2023 aka cire tallafin fetur, a watan Yuni aka kuma saki naira, sai kuɗin huɗa da na ban-ruwa da na mota suka tashi lokaci ɗaya. Taki ya bi su, domin ko da yake ana yin yuriya a Legas da Fatakwal, sinadaran da ake haɗa kamfa da su daga waje ake sayo wasu, daga Maroko da Rasha da makamantansu, kuma da dala. A 2024 gwamnati ta ɗage harajin shigo da wasu hatsi don sauƙaƙa wa mutanen birni. Farashi ya faɗo, mai saye ya ji daɗi. Amma wanda ya sayi taki da tsada ya zo kakar 2025 ya tarar buhun masara mai kilo 100 ba zai saya masa buhun kamfa mai kilo 50 ba. Wannan ba lalaci ba ne, kuma ba laifin ƙasa ba ne. Ƙasashen Afirka sun yi alkawari a Maputo a 2003 cewa za su riƙa ware kashi 10 cikin 100 na kasafin kuɗi don noma. Gwamnatin tarayya ba ta kusanci wannan ba.

Ga kuma bada-kaka. Wanda ba shi da kuɗin taki a Yuli yana karɓa a hannun ɗan kasuwa a kan zai biya da buhu. Da kaka kowa ya fito da kaya rana ɗaya, farashi yana ƙasa, mai bashi yana tsaye a bakin masussuka. Zuwa watan Yuni wannan buhun ya yi daraja a siton wani, wani lokaci shi manomin ne zai dawo ya saye shi a kwano.

Yanzu ƙasar. Gonar da kakanka ya noma an raba ta gado sau biyu ko uku, ba ta da hutu, jakan mangala sun ragu, karan ma ana kwashewa a sayar ko a ƙone. Takin zamani yana ciyar da shuka ne, ba ya gina ƙasa. In aka daɗe ana zuba yuriya babu takin gargajiya, ƙasa tana tsami, tana sakin ruwa da wuri, sai ka ga buhu biyu ba sa yin aikin da ɗaya ke yi a da. Shaidarta ƙuduji: duk gonar da ka ga furensa ya yi ja-ja tsakanin dawa, yunwa take ji. Gandu ya watse, kowane aiki sai jinga. Tarakta kuma a gonar da ba ta kai hekta ba, ga layi, ta iso maka bayan ruwan shuka ya wuce da mako biyu, garmar shanu ta fi ta amfani nesa ba kusa ba.

Damina ma ta rikice. Ba yawan ruwan ne kaɗai ba, rabonsa ne: a yi shuka ya ɗauke kwana ashirin, sannan ya zo a Agusta da Satumba kamar da bakin ƙwarya. Ambaliyar 2022 ta shafe gonaki a Jigawa da jihohi da dama, ta 2024 ta fasa madatsar Alau ta shiga Maiduguri. A 2016 tsutsar nan mai cin zuciyar masara ta bayyana a Najeriya, ita ma baƙuwa ce daga Amurka, kuma a shekarar ne wata tsutsar ta share tumatirin Kano da Kaduna. Kowace sabuwar annoba sabon kashe kuɗi ce, a kasuwar da jabun magani da gurɓataccen iri suka yi yawa. Na sha ganin buhun taki an buɗe rabinsa yashi.

Wanda ya fi duka ciwo ba na aikin malamin gona ba ne. A sassan Zamfara da Katsina da Sakkwato da Neja da Birnin Gwari, sai an biya 'yan bindiga kafin a shuka, a sake biya kafin a girbe, gonakin nesa da gari kuma an bar su sun zama daji. A Zabarmari ta jihar Borno, cikin Nuwamban 2020, manoman shinkafa aka yi wa yankan rago a gonarsu. Burtali da mashaya da aka cinye da noma su ma suna cikin tushen rigimar, kuma da ita aka rasa wancan tsohon ciniki na kara da taki.

Me ke hannunka? Ba duka ba, amma akwai. Kada ka shuka masarar da ta fi ƙarfin takinka. Rabin hekta da ya ƙoshi ya fi hekta biyu masu yunwa, sauran ka sa dawa da gero da wake da waken suya, waɗanda ba sa jiran buhu. Ka riƙa juyawa, inda gyaɗa ko waken suya suka kwana bana masara ta shiga baɗi, yana rage ƙuduji yana rage kuɗin yuriya. Takin kuma a binne shi kusa da gindi, kada a watsa a sama rana ta sha. Gyaɗa takin sufa take so, ba yuriya ba. Cibiyar binciken noma ta Samaru, wadda ke aiki tun 1922, ta fitar da irin gyaɗa masu jure kuturta, irin su SAMNUT 24 mai nuna cikin kwana 90 ko ƙasa da haka, wanda har da rani ana noma shi. Ka nemi iri a wurin da za ka iya komawa ka yi ƙorafi, ba a faranti a bakin kasuwa ba.

Ka leƙa maƙwabta ma. A jihohin Maraɗi da Damagaram, tun shekarun 1980 manoma suka daina tumɓuke kututture lokacin sassabe, suna zaɓar tohon da ya fi ƙarfi su bar shi ya girma. Miliyoyin hekta sun farfaɗo da haka. Gawo ne sarkin abin, domin da damina yake zubar da ganye, ba ya yi wa shuka inuwa, geron gindinsa kuma ya fi na fili. A can kuma ƙungiyoyin manoma suna ajiye hatsi a sito ɗaya da kaka, su karɓi rance a kansa, su sayar in ya yi daraja. Mutum goma masu amana a ƙauyenku za su iya fara wannan, kuma shi ne maganin bada-kaka mafi kusa da na sani.

Ajiyar ma tana da ƙa'ida. Gyaɗa da masara in suka sha danshi suna yin fumfuna mai dafi da ke lalata hanta, wadda aka gano a 1960 bayan ta kashe talo-talo wajen 100,000 a Ingila, kuma tana cikin abin da ke hana gyaɗarmu shiga kasuwar Turai. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da wakenmu saboda maganin ƙwarin da ake zuba masa a sito. Ka tuge gyaɗa da zarar ta nuna, ka shanya a kan tamfol ba a ƙasa ba, ka tsince ruɓaɓɓu, kada ka ɗinke buhu sai ka girgiza ka ji tana ƙara a cikin ɓawo. Wake da masara kuma a sa su a buhun nan mai leda biyu a ciki, a matse iska a ɗaure kowace leda daban, a ɗora a kan katako nesa da bango, ba sai an zuba musu ko ɗigon magani ba.